Muttaka Mai Gyaran Oba-oba

A Birnin Gwari idan ka ce Muttaka mai rediyo, akwai wanda zai gyara maka magana ya ce Muttaka infoma. Infoma shi ne mai kai wa 'yan bindigar daji rahoto. A wurinmu babu sunan da ya fi wannan nauyi. Wanda aka liƙa wa shi ba a cin abinci da shi, ba a tsayawa kusa da shi a sahu, wani lokacin ba a barinsa da rai. Na san Muttaka tun yana ɗan shekara goma sha uku, kuma ina cikin waɗanda suka sa sunan ya zauna a kansa. Zan faɗi abin da na sani a jere, yadda ya faru.

A Kutemeshi aka haife shi. Ubansa Bahaushe ne manomi, uwarsa Bafulatana daga rugar bayan gari. A lokacin babu wanda ya ga abin magana a cikin wannan. An kawo shi gari karatun sakandare ina koyar da kimiyya, ya zauna a ajina shekara uku. Ba shi da ƙoƙari a takarda, rubutunsa ma sai ka yi da gaske kake karantawa. Amma ranar da rediyon ofishin malamai ta daina magana, ya roƙe ni in bar shi ya buɗe ta. Ya kai hanci ya shinshina, ya nuna wani ɗan abu kamar ƙwayar wake ya ce shi ne ya ƙone. Shi ne kuwa. Da ubansa ya rasu ya bar makaranta, ya tafi Funtua koyon gyara. Bayan shekara shida ya dawo ya kafa teburi a bakin tasha, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da mai shayi.

Yana da wata ɗabi'a a aiki. Ba ya yarda da bayanin mai kaya. Idan ka ce masa rediyonka ba ta kama tasha, sai ya miƙo maka ita ya ce, "Yi mata yadda kake yi mata a gida, in gani." Yakan ce rabin kayan da ake kawo masa lafiyarsu ƙalau, masu su ne ke buƙatar gyara. Ranar kasuwa makiyaya kan cika masa benci da rediyoyi da fitilu, yana aiki yana hira da su da Fillanci, harshen uwarsa. Ya auri Zulaiha, 'yar Alhaji Ja'afaru mai sayar da takin zamani, suka haifi 'ya'ya biyu mata. Uwarsa ma ya ɗauko ta ta zauna tare da su. Iyakar rayuwarsa ke nan har ya kai shekara talatin da takwas.

Shekarar da aka katse sabis ɗin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, ƙauyuka suka koma ga oba-oba, 'yar rediyon hannu da kake danna maɓalli ka yi magana, mai irinta ya ji ka daga nesa. Muttaka ne kaɗai ya san cikinta a garin. Aiki ya yi masa yawa, 'yan tasha suka fara kiransa Injiniya.

Ƙauyenmu na asali, Tungar Bature, yana bakin daji, tafiyar awa ɗaya a babur. Gonar mahaifina tana can. Ɗana na fari, Abdulbaƙi, shi ke noma ta tun da ya gama karatun aikin gona a Zariya. Shekararsa ashirin da bakwai. A gabashin ƙauyen akwai wani dutse mai tsawo, daga kansa ana hango hanyar da babura ke fitowa daga daji. Lokacin karyar masara mazan garin suka raba gadi, kowa da ranarsa a kan dutsen. Oba-oba biyu suke da ita. Ɗaya tana tare da mai gadi, ɗaya tana hannun Haruna, shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen, wanda ake ce wa Kwamanda.

'Yan sa-kai ba sa riƙe abu tsirara. Rigarsu da laya, hularsu da laya, gindin bindiga da laya. Da aka sayo oba-oba sai aka kai ta mai gadin dutse wurin baduku, ya ɗinka mata kube na jar fata, ya manna laya a gabansa. Malamin da ya rubuta layar ya sa sharaɗi: kada hannun wanda ba ɗan Tunga ba ya taɓa ta, in ya taɓa ta karye. Haruna yana kiyaye irin wannan sharaɗi fiye da yadda yake kiyaye lokacin salla.

Ba a yi mako ba aka ga matsala. Mai gadi na jin Haruna sarai, Haruna ba ya jin mai gadi. Haruna ya ɗauko ta mai gadin ya zo gari. Kafin ya shiga tasha ya tsaya, ya zare ta daga kube, ya sa kuben a aljihun ciki, sannan ya ƙarasa teburin Muttaka. Abin da aka yi a wurin Muttaka ne ya ba ni labari, mai shayi kuma ya tabbatar mini.

"Injiniya, abarka ba ta da murya," in ji Haruna. "In na dutse ya yi magana sai ka ji kamar sauro a cikin tulu."

Muttaka ya auna batir, ya same shi cike. Ya kwance eriya ya goge bakinta, ya haɗa oba-obar da mita ya danna, allurar ta tashi ta tsaya inda ya kamata. Ya miƙa wa Haruna ya ce ya zagaya bayan tasha ya yi magana. Ya saurara da tasa. Murya ta fito tas.

"Kwamanda, lafiyarta ƙalau."

"To ƙarya muke yi ke nan."

"Ban ce ba. In ya danna daga dutse, taka tana buɗewa? Kana jin iska tana shuu?"

"Da ƙarfi ma."

"To ƙarfi na isowa, murya ce ba ta hau ba. Kamar a-kori-kura ce ta shigo tasha babu kaya a bayanta. Injin lafiya, lodi ne ba a yi ba."

Haruna ya karɓa ya tafi. A hanya ya mayar da ita kube.

Bayan kwana biyar ya dawo da ƙorafi ɗaya, ya kuma zare kuben kafin ya iso. Wannan karon Muttaka ya buɗe ta. Ya cire makirfonta, wanda bai wuce ƙwayar masara ba, ya sa sabo. Ya duba dalma ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ta saki. Ya shiga saitinta ya ƙara wa murya faɗi. A gaban oba-oba, ƙasa da lasifika, akwai wani rami kamar hujin allura, ta nan murya ke shiga. Ya sa tsinke ya ɗan faɗaɗa shi, ya nuna wa Haruna.

"Nan ne kunnenta. Ba a manyan ramukan nan ake magana ba, su bakinta ne."

"Mun ji, Injiniya," in ji Haruna, idonsa na kan mai shayi da ke soya masa ƙwai.

"Yadda ka kawo ta ɗin nan, haka kuke riƙe ta a can?"

"A'a, muna ɗaura mata zane da ɗankwali."

Na kan benci suka yi dariya. Maganar laya ba a yinta a tasha, balle a gaban ɗan Bafulatana.

"Da za ku ɗauke ni in je in ga wurin," in ji Muttaka. "Abin da ba ya ciwo a nan yana ciwo a can, sai an je can."

"Ka je ka ƙare wa dutsenmu kallo, ranar kasuwa ka ba kawunnanka labari?"

Aka sake dariya, har da Muttaka. Irin wannan tsokanar ya saba jinta tun yana yaro.

Gyaran ya ɗan taimaka. Da suka koma aka tura wani mai babbar murya kan dutse ya kwatsa ihu, aka ji shi, aka ce ta gyaru. Babu wanda ya gwada ta da ƙaramar murya.

Ranar wata Talata gadi ya faɗo kan ɗana. Bayan azahar, mutane na gona, 'yan bindiga suka zo. Ba su biyo hanyar da ake hange daga nesa ba. Sun kashe babura suna turawa ta cikin kwazazzabon da ya bi gindin dutsen, bai gan su ba sai da suka zo ƙarƙashinsa. Ya kwanta rub da ciki ya danna maɓalli ya yi raɗa, don duk wanda ya ɗaga murya a wurin za a ji shi. A ƙofar masallaci oba-obar Haruna ta buɗe ta yi shuu, ta rufe. Ta sake buɗewa. Haruna ya ce ya ƙirga sau bakwai. Ya kara ta a kunne, ya ce kamar akwai mutum a can ƙasan rijiya, amma ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Ya yi ta cewa a ɗaga murya. A karo na takwas muryar ɗana ta fito a fili, yana ihu iya ƙarfinsa: suna kwazazzabo, a bar gona. Sai ƙarar harbi ta iso daga dutse ba ta cikin oba-oba ba.

Mutane sun samu sun gudu. An kora shanun huɗa goma sha ɗaya. Babu wanda ya mutu sai shi. Babu waya, hanya kuma ba ta biyuwa da yamma, don haka sai safiyar Laraba aka aiko mini mai babur. An riga an binne shi tun kafin magariba.

Ranar sadakar uku Haruna ya zo gidana a gari. Ya durƙusa a zaure ya ba da labarin a gaban mutane, ya ajiye baƙar leda a gabana. Ya ce agogonsa ne da takalmansa, da oba-obar, an tsinto ta a tsagar dutse. Ya ce babu wanda zai ƙara riƙe ta.

Na tambaye shi, "Wa ya taɓa ta kafin ranar?"

"Muttaka na tasha, Malam. Sau biyu. Na biyun har cikinta ya buɗe."

Wani daga bayan zaure ya ce ai kullum bencinsa cike yake da Fulani. Wani ya ce uwarsa ma ta can ce. Ni kuma na ce, "Allah ya isa." Kalma uku ne, kuma ban ɗaga murya ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina hana yara rubuta sakamako kafin su yi gwaji. Haruna ya miƙe ya yi sallama.

Litinin ɗin da ta biyo baya mutum biyu suka tsaya da babur a gaban teburin Muttaka suka ce, "Injiniya, ba ka ce kana son ganin wurin ba? Kwamanda ya ce ka zo." Muttaka ya riga ya ji labarin mutuwar, kuma ta tsaya masa a rai. Ya ɗauki mita da jakar kayan aiki ya hau. Ya ce mini a hanya yana ta lissafin abin da zai fara dubawa.

Ba su kai shi dutse ba. A gindin tsamiyar bayan masallaci suka zaunar da shi, suka tambaye shi wa ya sa shi rage wa oba-oba murya. Ya fara yi musu bayanin makirfo. Suka kifa turmi, suka ɗora hannunsa na dama a kai, aka ɗauko taɓarya. Bayan kowane duka Haruna yakan sake tambaya. Da suka gama da na dama suka koma na hagu. Bai ambaci sunan kowa ba, don ba shi da sunan da zai ambata, su kuma suka ɗauki hakan taurin kai. Wajen la'asar aka ajiye shi a bakin hanya kusa da gari. Kafin ya isa gida samarin tasha sun ƙone teburinsa. Washegari Alhaji Ja'afaru ya aiko mota aka kwashe Zulaiha da yaran.

An ba ni wannan labari ina zaune a zaure. Ban ji komai a raina ba.

Sai rana ta goma sha tara na buɗe ledar. Na ga oba-obar a cikin jan kube, ɗinki mai kyau, da jini a bushe a gefe. Ban gane komai daga kallonta ba. Amma na ga ina son in san ainihin abin da ya cire a cikinta, da sunan abin, da yadda cire shi ke kashe murya. Don wannan na je gidansa da hantsi, ba don tausayi ba.

Uwarsa ce ta amsa sallama. Ta dube ni, ta kauce daga ƙofa ba tare da ta gaishe ni ba. Yana zaune a tabarma ya jingina da bango, hannayen biyu a kan cinyarsa, mai ɗori ya ɗaure su da karare da tsumma har gwiwar hannu. Ga kwanon koko a gefe da cokali a ciki, ita ke ba shi a baki. Ya yunƙura zai durƙusa.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa. Na so in zo, aka ce kada in zo."

Na fito da ita na ajiye a gabansa. Na ce ya faɗa mini abin da ya yi mata.

Ya dube ta, ya dube ni. "Wace ce wannan?"

"Wadda ka gyara."

"Ban taɓa ganinta da riga ba." Ya sunkuyo. "Malam, ɗaga mini ita wajen haske. Juyo gabanta."

Na juya. Baduku ya huda ramuka goma sha biyu a jere daidai kan lasifika, don a ji magana. Ƙasa da su ya manna layar, murabba'i mai kauri, fata ninki biyu da takarda a ciki. Muttaka ya daɗe yana kallon wurin.

"Zare ta a hankali, ka riƙe yatsanka a kan layar, kada ka motsa shi."

Na zare. Inda yatsana yake, a jikin oba-obar, ga ɗan ramin nan da ya faɗaɗa da tsinke.

Bai yi kuka ba, bai yi salati ba. Ya ce, "Sai an gwada, Malam. Kai ka koya mana." Ya sa uwarsa ta ɗauko tasa oba-obar daga ƙarƙashin gado, ita kaɗai ta rage masa don a gida ta kwana. Ya nuna mini da haɓa yadda zan sa wa tawa batir in daidaita lamba. Ya ce in fita bayan katanga in yi magana ƙasa-ƙasa, kamar wanda ke tsoron a ji shi, sau ɗaya da kube, sau ɗaya babu.

Na tsaya a bayan katangar, kusa da kwata, na mayar da ita kube, na kai bakina inda ɗana ya kai nasa. Na ƙirga daga ɗaya zuwa goma da raɗa. Na zare kuben na sake ƙirgawa. Na yi haka sau uku don kada a ce dace ne.

Da na koma ciki ya ce, "Da riga, iska kawai. Babu riga, har numfashinka ina ji."

Uwarsa ta yi wata magana da Fillanci tana kallona. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ba komai, tsufa ne.

Na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe, da sauri, kamar mai son a wuce wurin. Abin da yake so daban ne. "Malam, kai za a ji maganarka, kai ne uban mamaci. Ka faɗa musu. In an cire mini sunan nan Baba Alhaji zai dawo mini da iyalina. Hannu ko bai koma daidai ba zan iya koyar da wani, ina faɗa yana yi."

Kwana biyu bayan haka na hau babur zuwa Tungar Bature. Na sami Haruna da dattawa huɗu a ƙofar masallaci. Na yi gwajin a gabansu da oba-obarsa, na tura ɗaya daga cikin dattawan bayan rumbu ya yi raɗa da kansa. Suka ji da kunnensu. Haruna ya karɓi kuben ya juya shi, ya sa babban yatsa a kan layar. Na ga ya tuna abin da aka nuna masa a tasha.

"Malam, me kake so mu ce yanzu?"

"Abin da kuka ji."

"Mu ce laya ce ta kashe ɗanka?"

"Fata ce ta toshe rami. Ko babu rubutu a ciki haka za ta yi."

"Kai ka yi boko, ka iya raba su. Yarana ba su iya ba. Mutum ashirin da shida nake da su, da bindigar toka, suna tsayawa a gaban masu bindigar soja. Ka san abin da ke tsayar da su? Abin da ke jikin rigarsu. Yau in na ce laya ta ci mutum, gobe babu mai hawa dutse."

"An karya wa mutum hannu a kan abin da bai yi ba."

"Wa ya ce bai yi wani abin ba? Mai zama da Fulani kullum." Ya miƙo mini kuben. "Kuma da ka ce Allah ya isa, Malam, ba ni kaɗai na ji ba."

Babban dattijon, wanda abokin wasan mahaifina ne, ya dafa kafaɗata ya ce, "Habibullahi, wanda ya tafi ya tafi. Ka bar garin ya zauna lafiya." Aka kawo mini fura.

Bayan mako ɗaya na ji cewa an kai duk kuben oba-oba na ƙauyukan yankin wurin baduku, an matsar da layu zuwa baya, an huda rami a gaba. An ce malam ne ya ga haka ya fi a istihara. Ba a ambaci Muttaka ba.

Na faɗa a tasha, a wurin mai shayi. Na faɗa a masallacin unguwarmu bayan sallar la'asar, a tsaye, da oba-obar a hannuna. Aka saurare ni cikin ladabi. Da na fita na ji wani yana cewa mutuwar yaron nan ta taɓa Malam, Allah ya ba shi lafiya.

Saura Alhaji Ja'afaru. Na same shi a shagonsa cikin buhunan taki, ya kori yaran shago ya ba ni kujerarsa. Na yi masa bayani daga farko. Ba ya buƙatar gwaji, ya ce, ya yarda.

"Tun ranar na san yaron nan bai yi ba. Shekara goma sha ɗaya yana surukina, ko tsawa bai taɓa yi wa 'yata ba."

"To a mayar masa da ita, Alhaji."

"Malam, duba buhunan nan. Su wa ke saya? Mutanen ƙauye. Motocina nawa ke bin hanyar Kuyello, su wa ke raka su? 'Yan sa-kai. Bar wannan ma. Jikokina mata ne. Nan da shekara goma za a zo neman aurensu, a tambaya 'ya'yan wa. Gara a ce jikokin Alhaji Ja'afaru." Ya gyara zaman hularsa. "Tun da kana zuwa wurinsa, ka taimake ni. Ka ce ina son takarda. Ba na son mu kai ga alƙali, a ƙara tona shi a gaban jama'a."

Na ce ita Zulaiha fa, me ta ce. Ya ce tana kuka, za ta daina.

Na koma gidan Muttaka bayan azahar. An kwance masa karare kwana biyu kafin nan. Yatsun dama uku sun ɗore a karkace, babban yatsa ba ya haɗuwa da manuni. Na tarar yana ƙoƙarin ɗaukar ƙaramin kusa daga tabarma, yana zamewa.

"Ya yarda, Malam?"

"Ya yarda."

"Alhamdu lillahi. Yaushe za su dawo?"

Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya bar kusan. Ya tambaye ni ko na ga yaran, na ce ban gan su ba. 

"In na ƙi, za su kai ni kotu, a kira ta ta tsaya ta ce ba ta son zama da infoma. Za su sa ta ta faɗa." Ya dubi hannayensa. "Ba zan iya riƙe biro ba, Malam. Ka rubuta, kai ne mai rubutu mai kyau."

Na ce ya bari a ƙara kwana biyu, in sake komawa Tunga. Ya ce in na koma me zan nuna musu wanda ba su gani ba.

Na yago takarda daga littafin da ke aljihuna. Ya faɗa, na rubuta: shi Muttaka ya saki matarsa Zulaiha saki ɗaya, ba don ta yi masa laifi ba. Ya ce in ƙara cewa keken ɗinkin nata ne, a zo a ɗauka. Na karanta masa, ya ce daidai. Na shafa tawadar biro a babban yatsansa na hagu, wanda ya fi dama-dama, na riƙe hannun na danna a ƙasan takardar. Ya ja numfashi don ƙashin bai gama warkewa ba. Na sa kwanan wata, na rubuta sunana a matsayin shaida, na kai wa Alhaji kafin la'asar.

Da iddarta ta cika aka aurar da ita a Kaduna, ta tafi da yaran. Muttaka da uwarsa sun bar garin kafin damina. Yana Funtua yanzu, a shagon wanda ya koya masa aiki, yana zama a kan benci yana faɗa wa masu gyara inda za su duba. Na je wurinsa sau biyu. A zuwa na biyu ya roƙe ni kada in ƙara zuwa, don wani direban Birnin Gwari ya gan mu tare, ya tambayi mai shagon ko ya san wanda ya ajiye.